Me Ke Kashe Ayyukan Fasaha Bayan An Yanke Kyalle?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Shekara huɗu ke nan da aka haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka kuma zuba kwamfutoci ashirin a sakandarenmu. Yau rijiyar ta tsaya, mun koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, kwamfutocin kuma suna kulle a ɗaki. Yanzu wani kamfani ya zo yana son kafa mana ƙaramar tashar lantarki ta sola, mu riƙa biya ta mita. Gari ya rabu biyu: wasu na cewa a karɓa, wasu na cewa ita ma mutuwa za ta yi. Me ke kashe irin waɗannan ayyuka, kuma me za mu yi wannan karon?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam Sakatare. Allah ya saka maka da alheri kan wannan hidima da kake yi wa jama'a. In na fahimce ka daidai, kun riga kun ga sola tana aiki, kun sha ruwanta, yaranku sun taɓa kwamfuta da hannunsu. Abin da ya ɗaure muku kai shi ne yadda abin da ya yi aiki sumul ranar ƙaddamarwa yake kasa kaiwa shekara biyar, da kuma ko na ukun da ke tafe zai bi sahun na baya. Sana'ata kafa na'urorin sola ce da gyara su, galibi a rijiyoyi da ƙananan asibitocin karkara, kuma mafi yawan kiran da ake yi mini na gyaran aikin da wani ya kafa ya kama gabansa ne. Da abin da nake gani a can zan ba ka amsa.

Da wuya a ce fasahar ce da kanta ta kashe aiki. Abin da ke faruwa shi ne an tanadi kuɗin saye, ba a tanadi kuɗin riƙewa ba, ba a kuma ce ga wanda zai riƙe ba. Wanda ya ba ka kyautar doki ya ɗora maka harawa da dusa da kanwa na kowace safiya, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Ɗan majalisar da ya kawo aikin mazaɓa, da ƙungiyar agajin da wa'adinta shekara uku ne, da ɗan kwangilar da ke jiran cikon kuɗinsa, duka da ranar ƙaddamarwa ake auna su: rijiya nawa aka haƙa, kwamfuta nawa aka raba. Ba mai dawowa daga baya ya ƙirga nawa ne suke aiki. Ba lallai ne mugunta ce ba. Tsarin ne bai ba kowa ladan gyara ba, don ba a gayyatar 'yan jarida saboda an canza batir.

Kowane yanki da nasa ajalin

Rijiyar sola tarin abubuwa ce masu tsawon rai daban-daban. Farantan sola masu kyau kan zo da garantin shekara 25, kuma ba su cika lalacewa ba in ba sata ko jifa ba. Inbata, ko akwatin da ke sarrafa wutar fanfo, ba a sa masa rai fiye da shekara 10, shi ma in an kula da shi. Samo, wato injin da ke can ƙasa cikin ruwa, ransa na hannun yawan yashin da yake sha. Batir na dalma, inda aka sa shi, shekara 3 zuwa 5 ne. Kan fanfon da yara ke murɗawa tun asuba har isha kuwa, in ya yi wata shida ya yi ƙoƙari. Mai tallar kaya zai faɗa maka shekara 25 ɗin nan ya yi shiru a kan sauran. Amma aikin gaba ɗaya yana tsayawa ne ranar da yanki na farko ya mutu aka rasa mai sauya shi.

Ga abin da na fi tararwa idan na buɗe akwatin rijiyar da ta tsaya. Murfin ya daɗe ba ya rufuwa, zanzaro ya yi gini a kan allon lantarki, ƙura ta toshe ramukan shan iska. A gefe guda akwai baƙin tabo mai girman kwabo inda wuta ta ci. In ka bi wayar da ya kamata ta shiga ƙasa don kare tsawa, sai ka ga ta ƙare a iska: ba a binne sandar tagullar ba tun farko, ko an binne wani ya tone. Tsawa ɗaya ta farkon damina ta ishe shi. Sanadi na biyu shi ne saukar ruwa. Ɗan kwangila ya haƙa a ƙarshen damina lokacin da ruwa ke sama, bai yi gwajin jan ruwa na sa'o'i ba don ya san iyakar abin da rijiyar ke bayarwa, ya sayo samon da ya fi ƙarfinta, ya kuma tsallake 'yar na'urar da ke kashe injin in ruwa ya yi ƙasa, saboda za ta rage masa riba. Da Afrilu ta kama, ruwa ya sauka, samo ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone, domin ruwan da yake ja shi ne ke sanyaya shi.

Sai zafi, wanda shi ne babban maƙiyin batir a ƙasarmu. Shekarun da ake rubutawa a jikin batir an lissafa su ne a kan zafin digiri 25. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba ran batirin dalma biyu. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a waje, balle a ɗakin kwano mara rufi mara taga, wanda nan ne aka fi jibge batura don tsoron ɓarayi. Sai ka tarar sun kumbura, farin gishiri ya fito a kan sandunansu, alhali ba su cika shekara biyu ba. Ƙurar hunturu ita ma tana lulluɓe faranti ta rage wuta, maganinta kuwa bokitin ruwa ne da tsumma mai laushi da sassafe. Abin ba wuya, sai dai ba a ɗora wa kowa shi ba.

Lura da abu ɗaya: yawancin waɗannan gyare-gyare ƙanana ne in an kwatanta su da kuɗin haƙa rijiya. Abin da ke mayar da ƙaramar lalura mutuwa shi ne jinkiri. Rijiya ta tsaya, a yi mako biyu ana jiran ko ƙaramar hukuma za ta zo, a yi wata guda ana karo-karo, kafin kuɗi su haɗu mutane sun koma wa 'yan ga-ruwa sun saba. Rijiyar da ke ba da ruwa kowa mai gadinta ne. Wadda ta tsaya kuwa, wata safiya za a wayi gari ba faranti biyu, wata safiyar ba wayoyi, shi ke nan gyaran dubu ɗari ya koma na miliyoyi.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

Ba garinku kaɗai ba ne. Wani ƙiyasi da ƙwararru kan ruwan karkara suka fitar a 2009 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na fanfunan tuka-tuka a Afirka kudu da Sahara ba sa aiki. Kuma tuka-tuka ya fi sola sauƙi nesa ba kusa ba.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne PlayPump, wani fanfo da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu mai siffar lilon yara mai zagayawa: yara na wasa, ruwa na hawa tanki. Dabarar ta burge duniya. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi shelar ba da dala miliyan 16.4 don yaɗa shi. Da aka koma Mozambik bayan 'yan shekaru, sai aka tarar yara ba sa wasa sa'o'in da ake buƙata, mata ne ke tura lilon da ƙyar, a wasu ƙauyukan ma an cire musu tuka-tukan da suka iya gyarawa ne aka sa wannan ba tare da an shawarce su ba. In ya lalace kuma sai a yi watanni ana jiran masu gyara daga nesa. Zuwa 2010 ƙungiyar da ke yaɗa shi ta naɗe tabarmarta. Kwatanta shi da fanfon Afridev, wanda aka tsara a Malawi da Kenya a shekarun 1980 da manufa guda: mai kula da fanfo a ƙauye ya iya zaro sandunan ya canza robar da ta cinye da sifana ɗaya, ba sai an kira mota da ƙugiya ba. Ba abin burgewa a jikinsa, amma har yau yana ba da ruwa a dubban ƙauyuka, domin tun a takarda aka yi tunanin ranar da zai lalace.

Duk da haka, sauƙin gyara shi kaɗai bai wadatar ba. An daɗe ana ɗauka cewa da an kafa kwamitin sa-kai an horar da shi kwana uku, magana ta ƙare. Kwamitin sa-kai yana gajiya. Wanda aka horar ya tafi cin rani, ma'aji ya ranta wa wani kuɗin bai dawo da su ba, sauran suka yi zuciya. A yankin Kyuso na Kenya, masu bincike daga Jami'ar Oxford sun gwada wata hanya: makaniki mai albashi da babur da kayan gyara a hannu, yana kula da fanfuna da yawa, jama'a na biyan wani abu duk wata. Lokacin da fanfo ke yi a lalace ya sauko daga kusan wata guda zuwa ƙasa da kwana uku. A ganina wannan shi ne darasi mafi amfani gare ku. Garinku kaɗai ba zai iya riƙe makaniki ba, amma gari biyar ko shida masu maƙwabtaka za su iya.

Lissafin da ba a yi muku ba

Ga yadda nake yi wa kwamitoci lissafi, alƙaluman nan misali ne kawai, ku sa naku. A ce abubuwan da za a sauya cikin shekara 4 kuɗinsu naira miliyan 6 ne. Shekara 4 wata 48 ne, ke nan sai an ajiye naira 125,000 duk wata tun daga watan farko, lokacin da komai ke aiki lafiya kuma ba wanda ke ganin dalilin biya. In gida 250 ke amfana, naira 500 ke nan kowane gida a wata. Tambayi kanka nawa gida ɗaya ke ba ɗan ga-ruwa a mako.

Za ka ji masu cewa ruwa na Allah ne, ba a sayar da shi. Gaskiya ne, amma jawo shi daga mita sittin ko tamanin a ƙasa aiki ne, kuma kuɗin wannan aikin ake tarawa. Gidajen marayu da gajiyayyu a yafe musu a fili, kowa ya sani. Akwai kuma wata ƙofa da muke da ita amma ba mu cika amfani da ita ba, wato waƙafi. Masu hali daga cikin 'ya'yan gari sun fi son haƙa sabuwar rijiya a rubuta sunan mahaifinsu a jikin tanki. Ku roƙi limamanku su yi musu bayani cewa shago ɗaya da aka ware hayarsa don gyaran rijiya shi ma sadaka ce mai gudana, wataƙila ma ta fi sabuwar rijiyar da za ta tsaya baɗi gudana.

Ajiyar ma tana da nata haɗarin. Kusan duk kayan nan da dala ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, farkon 2024 ta haura 1,500. Kwamitin da ya yi shekara uku yana tara naira da amana sai ya ga kuɗinsa ba sa sayen rabin abin da ya lissafa. Shi ya sa nake cewa a sake duba kuɗin wata-wata duk shekara bisa farashin kasuwa na ranar, kuma abin da ba ya lalacewa a ajiye, kamar akwatin sarrafa fanfo na ko-ta-kwana da kawunan fanfo da fis, a saye shi da zarar kuɗi sun kai. Batir kam ba a sayensa a ajiye, yana mutuwa a zaune. Asusun ya zama na banki, mai sa hannun mutum uku, a karanta shiga da fita a bainar jama'a, misali bayan sallar Juma'ar farkon wata. A kuma sa mata a kwamitin da gaske, don su ne ke fara lura ruwa ya rage ƙarfi, mako biyu kafin maganar ta iso majalisar maza.

Ɗakin kwamfutar da ke kulle

Wannan ciwonsa daban. Ina kyautata zaton da yawa daga cikin kwamfutocinku lafiyarsu ƙalau. Shugaban makaranta ya sa hannu ya karɓi guda ashirin. In ɗaya ta ɓata ko ta fashe, shi za a tuhuma. In sun shekara huɗu ba wanda ya kunna su, ba mai ce masa uffan. To me zai hana shi sa kwaɗo? Ƙara da rashin wuta, da malamin da aka horar aka yi masa canjin wurin aiki, da kalmar sirrin da ta tafi tare da ɗan kwangila.

An ga wannan a babban mataki. A 2005 Nicholas Negroponte na cibiyar MIT ta Amurka ya gabatar da shirin OLPC na bai wa kowane yaro kwamfutar dala 100. Da ta fito a 2007 kuɗinta ya kusa ninka haka, kuma ɗaya daga wuraren gwaji na farko makarantar firamare ce ta Galadima kusa da Abuja. Ƙasar Peru ta sayi ɗaruruwan dubbai ta raba, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ci gaba a sakamakon lissafi da harshe ba. Yurugwai kuwa, wadda ta fara nata shirin mai suna Ceibal a 2007, ta kafa hukuma ta dindindin mai kasafin kuɗi, mai cibiyoyin gyara, mai horar da malamai, kuma shirin na nan da ransa. Na'ura iri ɗaya aka raba a ƙasashen biyu.

Ga naku ɗakin, abin farko shi ne a nemo masa aikin da mutane za su yi fushi in ya tsaya. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma iyaye a garuruwa irin naku suna biyan kuɗin mota su kai yara birni koyon danna madannai. Ɗakin da ke horar da 'yan aji shida da yamma da ranakun hutu, da ɗan kuɗi kaɗan, zai iya riƙe kansa ya kuma ba malamin da ke kula da shi ɗan alawus. Kwamitin iyaye da malamai ya rubuta a takarda cewa lalacewa ta hanyar amfani ba laifin shugaban makaranta ba ce. Wani abu kuma da ba a gani da ido: manhaja ma tana tsufa. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ranar 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba sa ɗaukar wadda ta gaje ta. Wannan ba dalilin zubar da su ba ne. Mai gyaran da ya san aikinsa zai ɗora musu wata manhajar mai suna Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, su ƙara shekaru suna koyar da yara.

Tashar da ake yi muku tayi

A nan zan ɗan saɓa wa masu cewa ita ma mutuwa za ta yi. Wannan tayin ya bambanta da na baya ta fuska mai muhimmanci: akwai mai shi, kuma in wuta ta ɗauke shi ne ke asara. Biyan da wasu ke ƙorafi a kansa shi ne ainihin abin da zai iya raya ta. Hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki a Najeriya, ta fitar da ƙa'idojin irin waɗannan ƙananan tashoshi a 2016 ta sabunta su a 2023, Bankin Duniya kuma ya ba da dala miliyan 350 a 2018 ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara, wato REA, ya kuma amince da wasu miliyan 750 a ƙarshen 2023. Ke nan harka ce mai doka da tsari. Sai dai wani kaso na tallafin ana biyan kamfani ne bisa yawan gidajen da ya jona wa wuta, don haka tsohon ciwon nan na fifita ranar kafawa bai warke gaba ɗaya ba. Akwai kamfanin da ya zo zama, akwai wanda ya zo karɓar tallafi.

Hanyar bambance su ba ta cikin takardun da za su nuna muku. Ku tambaye su sunan garin da tasharsu ta haura shekara uku tana aiki, ku tura mutum biyu ba tare da sanarwa ba, su kwana. Su tambayi mai shayi da mai cajin waya ƙarfe nawa wuta ke ɗaukewa da dare, don tashar da baturanta suka fara gajiya da tsakar dare take fara nuna alama. Su tambayi sau nawa aka ƙara kuɗin wuta, da kwana nawa ake yi kafin mai gyara ya zo. Kamfanin da ya yi ta kewaye-kewaye a kan wannan buƙata ya riga ya ba ku amsa.

Kuɗin wutar zai fi na kamfanin rarraba lantarki tsada, kada kowa ya ruɗe ku. Abin kwatantawa shi ne abin da kuke kashewa yanzu a man janareta, musamman tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, da batirin tocila da kuɗin caji. Abin da kuma ke raya irin wannan tasha shi ne masu amfani da rana. Wutar da injin niƙa ko mai walda ko mai ƙanƙara ya sha da hantsi daga faranti take zuwa kai tsaye, ita ce mai araha. Wutar ƙwan fitila da fanka da daddare sai ta bi ta batir, ita ce mai tsada. Garin da ba shi da masu sana'ar rana, tasharsa za ta yi ta fama komai kyawun kamfanin. Saboda haka kafin sa hannu ku ƙirga injinan niƙa da markaɗe da shagunan walda da ɗinki, ku ji ko masu su a shirye suke su bar dizal, ku kuma tambayi kamfanin ko zai taimaka musu da injinan lantarki a biya sannu a hankali. Rijiyarku da ɗakin kwamfutarku ma abokan ciniki ne na rana, a sa su cikin lissafi.

A yarjejeniya, wurin da na fi zuba ido shi ne abin da zai faru in kamfanin ya durƙushe ko ya janye. Manya ma suna janyewa. Kamfanin Loon, ɗan uwan Google, ya fara ba da intanet ta balan-balan a Kenya a tsakiyar 2020, a Janairun 2021 aka sanar da rufe shi. Yawancin mitocin da ake sa wa kuɗi ta waya suna dogara ne da manhajar da ke hannun kamfani. In ya tafi da ita, faranti da batura na nan lafiya amma ba mai iya sayen wuta. A rubuta wa zai gāji kayan, wa zai karɓi makullan manhajar, da yadda za a miƙa wa wani kamfanin. A rubuta sa'o'in wuta a rana, da yadda ake ƙarin kuɗi, da matsayin filin da kuka bayar: aro ne, haya ce, ko kyauta. A kuma rubuta cewa za a horar da 'ya'yan gari aƙalla biyu a ɗauke su aiki, ba gadi kawai ba.

Ina gawar kayan za ta je?

Wannan ɓangaren ba a cika tambayata ba, amma ba zan tsallake shi ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kashi 22.3 cikin ɗari kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Mataccen batirin dalma ba ya kwana a bola, 'yan gwangwan za su saye shi da daraja. Matsalar ita ce abin da ke biyo baya: a fasa shi da gatari, a tuttular da ruwan batir a ƙasa, a narka dalmar a bayan gida. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sanadin ƙurar dalma daga irin wannan sana'a. Mu ma mun san dafin dalma: a Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Ba ta da wari, kuma yaron da ya tsira kan tashi da rauni a ƙwaƙwalwa. Batirin lithium da sababbin tashoshi suka fi amfani da shi ya fi daɗewa ya fi jure zafi, amma ɗan gwangwan ba ya marmarinsa, kuma in aka huda shi yana iya kamawa da wuta. Don haka a sa a yarjejeniya cewa kamfani ne zai kwashe matattun batura ya kai wa masu sarrafawa da hukumar kare muhalli ta NESREA ta sani. Na rijiya da na makaranta kuma, kada a bari a fasa su a cikin gari.

Ruwan ƙasa ma haka. Tunda rana ba ta kawo takardar biya, ba mai damuwa in tanki ya cika yana ambaliya tun azahar. 'Yar na'urar da ke tsayar da fanfo in tanki ya cika ba ta da tsada, tana kuma kare rijiyarku da ta maƙwabta daga saurin ƙafewa.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga rijiyarku ba, don haka sanadin da na lissafa zato ne bisa abin da aka fi gani. Mai yiwuwa naku kuskuren haƙa ne tun asali, irin wanda sai masanin ruwan ƙasa ya auna, kuma in haka ne, sauya samo zubar da kuɗi ne. Hukumar ruwan karkara ta jiharku tana da irin waɗannan ma'aikata. Ni kuma ba lauya ba ne. Yarjejeniyar da za ta ɗaure gari shekara goma sha biyar ko ashirin ta cancanci a biya lauya ya karanta, a kuma fassara ta da Hausa a karanta a gaban mai gari da jama'a. Ya duba har da hukumar da ke da hurumi a jiharku, domin tun dokar lantarki ta 2023 wasu jihohi sun karɓi ikon kula da harkar wutarsu. Ko an yi duk wannan, ba wanda zai ba ku tabbacin kamfani ba zai karye ba.

Da ni ne a kujerarka, Malam Sakatare, ba zan ce wa kamfanin e ko a'a a wannan watan ba. Zan nemi wata uku. A cikinsu a kira mai gyara ya duba rijiya ya rubuta abin da ya lalace da kuɗinsa, a buɗe asusu, a fara karɓar kuɗin wata-wata, a buɗe ɗakin kwamfuta a ƙirga masu tashi, a kuma tura mutum biyun nan ziyara. In gari ya iya tayar da rijiyarsa da kuɗinsa cikin wannan lokaci, za ku zauna da kamfanin kuna da littafin shiga da fita da za ku nuna, da jerin masu sana'ar da suka yi alkawarin sayen wutar rana, kuma da waɗannan biyun ne ake neman ragin farashi.